Wacce Tereza?

Mu huɗu ne a ɗakin ran nan, ɗaya ga watan Oktoba. Akwai ni, Tereza, matar marigayi Audu, daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Akwai ɗana Bulus, wanda yake haɗa wa 'yan kasuwa kaya a nan Guangzhou yana tura musu gida. Akwai matarsa, ita ma Tereza, amma ba mai kiranta da sunan a gidanmu, don ɗa ba ya kama sunan uwarsa ko da a kan matarsa ne. Maisuna muke ce mata. Ta huɗu ita ce Hajiya Rabi 'yar Maraɗi, mai sarin labule da zannuwan gado, wadda take zuwa sau biyu a shekara tana sauka a hawan da ke ƙasa da namu a unguwar Xiaobei.

Ni ban taɓa shiga aji ba. Maisuna ce take rubuta wannan, ni nake faɗa. Na gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya don ta rufa mini asiri. Ku matan zumunta na gida, a karanta muku shi bayan sujadar Mas a coci, kuma kada a tsallake inda ba daɗi.

Yanar ido ce ta kawo ni ƙasar nan a watan Maris. Bulus ya ce a nan za a cire mini. Na tarar da gari bango yana gumi, tayil yana tsatsafar da ruwa, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Na kuma tarar da Maisuna tana tari. Busasshen tari ne, ba ƙarfi, kamar mai son a lura da ita. Ta rame, tana barin abinci a kwano, da yamma jikinta ya yi ɗumi, da safe ta shanya zanin gado wai ta jiƙa shi da zufa. Na ce a raina: 'yar boko ce, ta ga uwar miji ta zo, ta fara neman kwanciya.

A makon farko muka yi maganar waliyyai. Na fito da hoton waliyyiyata, wanda Sista ta ba ni ranar baftismata, na jingina a kan kantar ɗaki kusa da na Maisuna. Tawa dattijuwa ce, riƙe da alƙalami da littafi. Tata yarinya ce da furanni da gicciye a ƙirji.

Na ce, "Kin samu hotonta na ƙuruciya ke nan."

Ta yi dariya har tarin ya sarƙe ta. "Mama, ai ba mutum ɗaya ba ce. Taki babbar ce, ta ƙasar Sipaniya, ranarta sha biyar ga Oktoba. Tawa ƙaramar ce, ta Faransa, ranarta ɗaya ga wata. Akwai kuma ta Indiya mai farin mayafi da shuɗin baki. Har a ƙasar nan akwai waɗanda aka kashe saboda bangaskiya, su ma Tereza."

Na ce, "Shekara hamsin ina roƙonta, yau ke za ki raba mini ita gida-gida? Tereza ɗaya ce. Tashi ki duba tukunya."

Ta tashi. Ku riƙe wannan maganar, don ita ce ta dawo ta same ni.

A ƙarƙashin hoton nan nawa an rubuta sunan. Shi kaɗai ne rubutun da na sani a duniya: haruffa shida, na farko kamar sandar da aka ɗora wa itace a ka. In na gan shi ko a ina, na san da ni ake.

Mako na biyu Bulus ya kai ni asibiti. Likitan ido ya ce kafin aiki sai an ɗauki hoton ƙirji da jini. Bulus ya ce tunda an zo, a ɗauki na Maisuna ma, tarin ya isa haka. Layin nasu ba irin namu ba ne da za ka ga wanda ke gabanka ka riƙe shi da ido. Lamba ce take fitowa a allo, in ka yi sake ta wuce ka, sai ka koma baya. Muka wuni a can, aka ce a dawo gobe karɓar sakamako.

Washegari Bulus yana da lodin kaya, Maisuna kuma ta kasa tashi. Hajiya Rabi ta ce, "Taho mu tahi, Iya, hanyata ce." A taga aka miƙo mana takardu biyu. Muka zauna a benci, ta ɗora wayarta a kan ta farko, wayar ta juya mata rubutun Sinanci zuwa Faransanci. Ta ce, "Wagga lahiya lau." Ta ɗora a kan ta biyu. Na ga fuskarta ta sauya.

Na ce, "Mene ne?"

Ta rage murya. "Akwai tabo ga huhu. Suna zaton tarin tibi ne. Sun ce a komo maza-maza."

Na leƙa saman takardar da idona mai gani. Haruffa shida, sak irin na ƙarƙashin hotona. Na leƙa ɗayar, na ga sunan ya fi tsawo, da wani harafi a ciki kamar matakin tsani. Na fizge mai ciwon daga hannunta.

"Tawa ce."

"Tsaya in duba shekaru, Iya."

"Na ce tawa ce. Ban san sunana ba ne?"

Na ninke ta na tura a zani. Na sa Hajiya ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, na ce ni da bakina zan faɗa wa ɗana. Ta rantse ba da son ranta ba. Kwana uku bayan nan ta gama sarinta ta koma Maraɗi.

Me ya sa na ɓoye? Ina yarinya an yi wa ƙanwar uwata bukka a bayan gida saboda wannan tarin. Kwanonta daban, ana tura mata tuwo da sanda. Har yau in an ambaci gidanmu akwai masu cewa gidan masu tari. Na ga kaina an ware mini cokali a gidan ɗana, a gaban surukata. Na ga labari ya isa ƙauye kafin ni. Ban yi tunanin cewa in tawa ce ma, zan iya shafa musu ba. Kaina kawai na duba.

Da Bulus ya dawo, waya a kunne, na miƙa masa takardar lafiya na ce ta Maisuna ce. Ya jefa ta a durowa bai duba ba. Ya ce, "Taki fa, Mama?" Na ce tana wurina, ba komai a ciki. Na sa ta a tsakiyar littafin addu'ar marigayi mijina, wanda nake yawo da shi ko da ba na iya karantawa. Aikin ido kuwa na ce a dakata, ban shirya ba.

Mako uku takardar nan ta yi a cikin littafin. A mako ukun nan ina shan citta da zuma a ɓoye, ina jiran tarin da bai zo mini ba. Har na fara cewa waliyyiyata ta ji roƙona. Ita kuwa yarinyar da ciwon yake ci, ni nake tashinta. "Likita ya ce ba abin da ke damunki. Tashi ki share ɗakin nan." Na sa ta wanke labule. Na sa ta sauka hawa shida ta sayo mini albasa, da ta dawo tana haki na ce ta daɗe. Yayata ta bugo daga gida ta ce a ba ta man shanu da tafarnuwa. Wani abokin Bulus ɗan Kano ya kawo baƙin shayin 'yan ƙasar nan mai ɗaci kamar maɗaci. Duk ta sha, tana cewa an gode. Hajiya ta turo mini saƙon murya sau biyu, "Iya, kin koma wurin lokotoro?" Likita take nufi. Na ce na koma.

Wata Talata da hantsi tana yanka alayyafo tarin ya taso mata, ta toshe baki da gefen zani. Da ta janye, jini ne.

Bulus ya zaro takardar durowa muka tafi asibiti. Likitan, wani siriri mai furfura, ya dube ta, ya dubi Maisuna, ya yi magana. Tafintan asibitin ya ce, "Wai wannan takardar ta mace mai shekara sittin da bakwai ce." Ya danna na'urarsa, ga hoton huhun Maisuna ya fito, da fari-fari a sama kamar an watsa gari. Ya ɗaga yatsu uku ya ce, "Weshamma?" Ya sake cewa, "Weshamma?" Tafinta ya ce, "Yana tambaya don me. Don me aka yi mako uku ba a dawo ba?"

A nan na gane. Wanda ya cika mini takardun fasfo a Katsina ya ƙara wa sunana wancan harafi mai kama da tsani, ban sani ba. Doguwar ce tawa. Mai haruffa shidan ta Maisuna ce. Sunan mahaifin Bulus kuma duk shi muke amfani da shi.

Bulus ya juyo. "Mama, ina ɗaya takardar?"

Ga inda ya kamata in buɗe baki. Na ce, "Ni na san karatu ne? Hajiya ta ce duka lafiya. Ban san inda na yar da ita ba."

Maisuna, rubuta shi haka. Kada ki sa "na ruɗe". Ƙarya na yi.

Bulus ya ɗora laifin duka a kan Hajiya Rabi. Ya ce mace ta iya lissafin kwantena amma ta kasa duba shekarun mutum. Ya toshe lambarta, ya mayar mata da aikin kayanta ta hannun wani. Ina ji ina gani.

Aka tura mu wani asibitin na masu ciwon ƙirji. Kafin a ba ta gado sai da aka ajiye kuɗi masu nauyi, kuma abinci mai kyau sai dai naka ya kawo maka. Wannan na yi ƙorafinsa, har yanzu ina yi. Amma an duba ta da gaske, ba wanda ya yi mata tsawa, kuma wata nas gajeriya kullum sai ta gyara mini takunkumin hanci da hannunta tana cewa "Mama, Mama". Mu ma aka gwada mu, ni da Bulus. Ba mu ɗauka ba. Na ji kunyar wannan lafiyar tawa.

Makon farko a asibiti ba ta iya riƙe komai. Ƙwayoyi cike da tafin hannu kowace safiya kafin ta ci abinci, ta haɗiye, ta yi amai, a sake. Fitsarinta ya koma ja kamar zoɓo, na tsorata, aka ce aikin maganin ne. Mako na biyu zazzaɓin yamma ya fara sauka. Ni nake dama kunu da asuba. Gero babu, duk shagon da na nuna hotonsa sai a ce mini "meyo", wato babu. Da shinkafa da gyaɗa na riƙa yi. Bulus ya koya mini jirgin ƙarƙashin ƙasa da ƙirga tasha a yatsa, ya rataya mini kati a wuya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Na yi ta zuwa ni kaɗai.

Ranar da ta fara zama da kanta ta ce in kawo mata hoton waliyyiyarta da littafin addu'ar Baba, tana so ta karanta mana Zabura da Hausa. Na kawo. Na fita wanke kofi, na dawo na tarar ta rufe littafin ta ɗora hannu a kai, tana kallon taga.

Ta ce, "Mama, kin san abin da ya kashe ƙaramar Tereza? Wannan tarin ne. Tana da shekara ashirin da huɗu. Ni na ɗara ta da uku."

Na ce, "Rufe mini baki. Ba inda za ki."

Na karɓi littafin na mayar jaka. Sai a cikin jirgi na tuna abin da ke tsakiyarsa. Na buɗe, takardar tana nan a ninke yadda na bar ta. Na ce Allah ya rufa asiri, ba ta gani ba.

Bayan mako uku aka sallame ta, da sharaɗin wata shida tana shan magani ba fashi ko na kwana ɗaya, kuma duk wata a koma a duba hantarta da majinarta. Wata na biyu gwiwoyinta suka riƙa ciwo. Wata na uku ta fara neman ƙari a abinci; ran da ta ce a sa mata yaji na shiga bayi na yi kuka. Ni da nake tsoron a ware mini kwano, na ga ba wanda ya ware nata sai na ɗan lokacin da likita ya ce, kuma ba wanda ya mutu don haka. A cocin dutse da muke zuwa ran Lahadi da rana akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar nan da ta lura Maisuna ta daina zuwa. Ta riƙa ba ni miyar wani ɗan itace mai zaƙi a gora, wai tana sanyaya ƙirji. Da na nuna mata hoton mai furanni, ta buga ƙirjinta ta ce "Dalan, Dalan." Bulus ya ce ita ma sunanta ke nan da bakinsu. Ko ina na juya sai ga wata Tereza.

A cocin nan na yi wani abin da ya fi ƙaryar farko muni. Na shiga ikirarin zunubi wurin wani Fada da na san ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Na faɗi komai tiryan-tiryan, takarda da rantsuwa da albasa. Bawan Allah ya saurara, ya sa mini albarka. Na fito ina cewa ai na faɗa. Da gangan na zaɓi kunnen da ba zai ji ba. Na karɓi Jibin Ubangiji ran nan, da ƙaryata yadda take.

Aka ƙara mini kwanakin zama a ƙasar, aka cire mini yanar ido a watan Yuli. Na ga fuskar yarinyar nan tas, na ga yadda ƙashin wuyanta ya fito.

To, ɗaya ga Oktoba ranar hutu ce a ƙasar nan, kasuwanni a rufe, Bulus yana gida. Ranar waliyyiyar Maisuna ce kuma, saura mata kwanaki kaɗan ta gama magani. Ta sayo fure ɗaya ja ta sa a kofi gaban hoton. Muna cin shinkafa da rana aka ƙwanƙwasa. Hajiya Rabi ce, ko jakarta ba ta kwance ba.

Ba ta zauna ba. Ta ce, "Bulus, mi na yi maka? Shekara tara kana yi mini lodi. Na sauka jiya, aka ce mini matarka ta yi jinya, wai kuma ni ce sanadi."

Ya ce, "Hajiya, ke kika duba takardu kika ce duka lafiya."

Ta juyo ta dube ni. Rantsuwar da na sa ta tana bakinta, Musulma ce ta kama sunan Allah a kan sirrina, ga shi ana zaginta a kai, kuma ta ƙi karyawa. Ta ce kawai, "Iya, ina wuni. Yaya jikin naki?"

Na tashi na ɗauko littafin, na zare takardar na shimfiɗa a kan tabarma tsakanin kwanuka. Na faɗa da Hausa, a gaban masu jin Hausa. Na ce Hajiya ta gaya mini akwai ciwo tun ranar farko. Na ce ta nemi duba shekaru na hana. Na ce na zaci tawa ce na ɓoye don kada a ware mini cokali, kuma da gaskiya ta fito na bar laifin a kanta.

Bulus ya ajiye cokali. Tunda na haife shi bai taɓa ɗaga mini murya ba, ran nan ma bai ɗaga ba. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Mama, mako uku. Kina aikenta sayen albasa." Ya durƙusa gaban Hajiya ya ba ta haƙuri, ta ce, "Tashi, lauban, sai ka rage mini kuɗin lodi," tana share ido. Lauban shi ne maigida da bakin 'yan ƙasar nan. Shi bai yi dariya ba. Ya sa takalmi ya fita.

Na juya wurin Maisuna. Na ce, "Ke ba ki ce komai ba."

Ta ce, "Na gani tun a asibiti, Mama. Tana cikin Zabura."

"Wata biyar kina sane?"

"Kina dama mini kunu da asuba, kina shiga jirgin da kike tsoro. Na ce in na tona, wa zai kawo kunun? Hajiya ce ban kyauta wa ba, ni ma da na yi shiru." Ta ɗan yi murmushi. "Kuma na roƙi tawa ta gaya wa taki ta matsa miki."

Hajiya ta ce, "Su nawa ne wai waliyyan nan naku?"

Na ce, "Da yawa. Ni ce na ce ɗaya ce."

Bulus ya dawo da la'asar. Ya gaishe ni kamar kullum, amma bai haɗa ido da ni ba, kuma ban nemi ya haɗa ba. Wannan sai a hankali, in Allah ya so.

Abin da nake so ku ji, matan zumunta: tarin da ya wuce mako biyu a kai shi asibiti, ana warkewa, na gani da idona. Takardar likita ba a ɓoye ta a littafin addu'a. In ba ku iya karatu ba, ku bari mai iyawa ya kai ƙarshen layi kafin ku fizge. In kuma an kira suna, ku tambaya wacce.

Washegari na tashi na dama kunu, na zuba a kofi uku, na sauka hawa ɗaya na kai wa Hajiya nata da hannuna. Na dawo na matsar da hoton waliyyiyata gefe, na jawo kofin furen ya zauna a tsakaninsu. Sannan na tsaya a ƙofar ɗaki na kira sunan da ban taɓa kira ba tunda aka kawo ta gidanmu.

"Tereza."

Ta fito da ƙwayoyinta a tafin hannu, tana duban bayana ko da wata nake.

Na ce, "Da ke nake. Shanye maganin ki ɗauko biro da takarda, akwai abin da za ki rubuta mini zuwa gida."

Ta zauna, ta gyara takarda a cinya. Ta ce, "In sa daga wa?"

"Daga Tereza."

"Wacce?"

Na ce, "Mai tsanin nan a cikin sunanta. Nuna mini shi tukuna, in san shi."